Salamandar Kan Bishiya: Halittar Da Harshenta Ya Fi Kyamarar Wayarka Sauri

A watan Oktoba na shekarar 2017, wani mai gadin gandun daji a tsaunukan Cuchumatanes da ke yammacin ƙasar Guwatemala, mai suna Ramos León-Tomás, ya ga wata 'yar halitta ruwan ɗorawa mai duhun zane a gadon baya. Ya ɗauke ta hoto ya aika wa Carlos Vásquez Almazán, masanin kwaɗi da dangoginsu a Jami'ar San Carlos. Wannan hoton ne ya kawo ƙarshen cigiyar da aka shekara 42 ana yi. Tun 1975, lokacin da wasu matasa biyu masu binciken halittu, Paul Elias da Jeremy Jackson, suka fara cin karo da ita, babu masanin da ya sake sa ta a ido. Shi kansa Vásquez ya je yankin fiye da sau 30, ya kashe sama da awa 3,000 yana dube-dube, bai dace ba. Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne hotonta da ya nuna wa masu gadin, ya ce su riƙa sa ido.

Sunanta a wurin masana Bolitoglossa jacksoni, ɗaya ce daga cikin salamandodin da ke hawa bishiya a dazukan Amurka ta Tsakiya.

Na san wani zai ce mu da muka saba zancen waya da caja da manhaja, me ya kai mu dajin Guwatemala? Ni ma ba neman ta na fita ba. Wani dare ne ina kallon bidiyoyin da aka ɗauka da kyamarori masu tsananin gudu, irin waɗanda ake rage wa sauri har ka ga harsashi yana tafiya, sai na faɗa kan wani da ke nuna wata 'yar uwar wannan halitta tana kama ƙwaro. Na mayar da shi baya ya fi sau goma. Daga nan na shiga karance-karance, na gane cewa matsalar da wannan halitta ke rayuwa da ita, ita ce dai wadda duk mai ƙera na'ura ko mai rubuta manhaja yake fama da ita kullum: abin hannunka kaɗan ne, aikin da ake so ka yi kuma babba.

Ba ƙadangare ba ce, ba tsaka ba ce

Ba mu da sunanta a Hausa, saboda ba mu da ita. A duk Afirka, sai can arewa wajen Maroko da Aljeriya da Tunisiya ake samun salamanda. Idan ka ga hotonta za ka rantse tsaka ce: ƙafa huɗu, doguwar wutsiya, manyan idanu. Amma danginta su ne kwaɗi. Fatarta ba ta da ɓawo, kullum a jiƙe take da yauƙi, idan ta bushe kuwa mutuwa ce.

Zuriyar Bolitoglossa ita ce mafi yawan nau'o'i a cikin salamandodi, sun haura 130, sun bazu daga Meziko har Burazil da Bolibiya. Da yawansu ba su fi tsawon yatsa ba idan aka cire wutsiya. Masu zaman bishiya a cikinsu sun fi son wasu tsirrai dangin abarba da ke fitowa a jikin rassa, kamar yadda kauci ke fitowa a bishiyoyinmu, sai dai su ba sa tsotsar bishiyar, zama kawai suke yi. Ganyensu kamar kan abarba yake, yana tara ruwan sama da ruɓaɓɓen ganye a tsakiya, ƙwari su taru. Gida ke nan da kasuwa a wuri ɗaya. Wasu kuma a gindin ganyen ayaba suke fakewa.

Abu na farko da ya ɗaure mini kai shi ne ba su da huhu, ko kaɗan. Ta fata da fatar cikin baki suke shaƙar iska. Ba sa kuma bin hanyar kwaɗo na zuba ƙwai a ruwa ya zama talibambam. A wuri mai danshi suke ajiye ƙwai, ɗan ya fito da cikakkiyar siffarsa. Wanda ba shi da huhu ba zai iya dogon gudu ba, don iskar da ke shiga ta fata ba ta da yawa. Saboda haka rayuwarsu a hankali take, makamashin da jikinsu ke ci kaɗan ne ƙwarai. A yaren masu waya, kullum a yanayin tattalin batir suke. To halittar da ba ta iya bin ƙuda da gudu, yaya za ta ci abinci?

Harshen

Bari mu fara da lissafin lokaci. Idan aka raba sakan ɗaya gida dubu, kowane gida shi ne milisakan. Ƙiftawar ido tana cin milisakan 100 ko fiye. Bidiyon da wayarka ke ɗauka a yadda aka saba, hoto 30 ne a sakan, wato tsakanin hoto da hoto akwai milisakan 33. Allon waya mai sabunta kansa sau 60 a sakan yana canza hoto duk bayan kusan milisakan 17. An auna harbin harshen wasu nau'o'in Bolitoglossa, daga baki zuwa jikin ƙwaro, bai kai milisakan 10 ba. Ma'ana idan ka saita mata kyamarar wayarka, a wannan hoton ga ƙwaro, a na gaba ba ka ga fitar harshen ba, sai dai komawarsa. Dole sai da kyamarar da ke ɗaukar dubban hotuna a sakan masana suka iya ganin abin da ke faruwa.

A 2007, Stephen Deban na Jami'ar Kudancin Fulorida da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon irin wannan awo. Sun lissafa ƙarfin da ake buƙata kafin harshe ya fita da wannan gudun, sai suka samu cewa a nau'in Bolitoglossa dofleini ya kai kusan wat 18,000 a kowane kilo na tsoka. Mafi ƙarfin tsokar da aka taɓa aunawa a dabba mai ƙashin baya, ta fiffiken wani tsuntsun salwa ce, kuma ba ta wuce wat 1,100 da 'yan kai ba. Harshen ya ninka ta fiye da sau goma. Tsoka ba ta iya wannan. To daga ina ƙarfin ya fito?

Amsar tana cikin wani awo na biyu da suka yi. Sun sa 'yan siraran wayoyi a tsokar don su ga lokacin da take fara aiki, sai suka ga tana farawa kimanin milisakan 117 kafin harshen ya bar baki. Duk tsawon wannan lokacin tsokar tana ja ne, tana tale wasu jijiyoyi masu kama da roba da ke cikinta. Idan lokaci ya yi, abin da aka tara a milisakan ɗari da wani abu sai a sake shi a cikin 'yan milisakan kaɗan.

Duk wanda ya yi harbin tsuntsu da danƙo yana yaro ya san wannan. Hannunka ba zai iya jefa tsakuwa da gudun da danƙo ke jefa ta ba, alhali hannun naka ne ya ja danƙon. Ba ƙarin makamashi danƙo ya ba ka ba, lokaci ya matse. Ka zuba a hankali, ya zubar a tashi ɗaya.

Yadda aka gina harshen kuwa ya fi haka daɗin ji. A cikinsa akwai ƙashi na guringuntsi mai lanƙwasuwa, da wasu sanduna biyu masu tsini da suka miƙe baya ta saman kafaɗu. Tsokar harbin ta naɗe kowace sanda kamar zobe. Idan ta matse, sandar sai ta suɓuce gaba, kamar yadda ƙwayar kankana ke tsalle idan ka matse ta tsakanin yatsu biyu. Gaba ɗaya ƙashin harshen yana barin baki, ya tafi da saurin da ya samu tun farko, babu abin da ke tura shi a hanya. Tsokar da ke dawo da shi kuma doguwa ce, tushenta yana can a ƙugu. Bakin harshen yana da gamsai mai ɗanko da ke kama ƙwaron.

David Wake, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin waɗannan halittu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley har ya rasu a 2021, shi da abokin aikinsa Eric Lombard sun daɗe da kawo bayanin da ya haɗa rashin huhu da wannan harshe. A wurin kwaɗo da sauran salamandodi masu huhu, ƙasusuwan maƙogwaro suna da aikin tura iska cikin huhu. Wanda ba shi da huhu, kuma ba ya rayuwar talibambam da zai buƙaci zuƙo abinci a ruwa, ƙasusuwan nan ba su da sauran aiki biyu, sai suka zama na harbi zalla. Mai rubuta manhaja zai gane wannan nan take. Ɓangaren da ka ɗora wa aiki uku ba ya taɓa ƙwarewa a ko ɗaya.

Kafasita, fara, da sanyi

Waɗanda suka riski kyamarorin masu ɗaukar hoto a wurin biki za su tuna wata siririyar ƙara da fitilar ke yi bayan kowane hoto, mai hoton ya ce a ɗan jira. Batirin da ke ciki ba zai iya ba da hasken nan kai tsaye ba. Kafasita yake cikawa a hankali, ita kuma ta juye komai a ƙasa da ƙiftawar ido. Wayoyi irin su Nokia N8 da Lumia 1020 sun zo da irin wannan fitilar. Dabarar ɗaya ce da ta harshen salamanda, sai dai nan lantarki ake tarawa, can kuwa talewar jijiya.

Masu ƙera mutum-mutumi ma sun bi wannan hanyar. A 2008, a cibiyar fasaha ta EPFL da ke Suwizalan, an ƙera wani ɗan mutum-mutumi mai nauyin giram 7 da aka kwaikwayo daga fara. Ƙaramar mota ce a cikinsa take ɗana sifirin a hankali, idan ya sake sai ya yi tsallen mita 1.4. Da a ce motar ce za ta yi tsallen kai tsaye, sai an sa wadda ta fi shi kansa nauyi.

Akwai wata riba da ban yi tunaninta ba sai da na karanta. Tsoka aikin sinadarai ce, kamar batir, sanyi yana rage mata kuzari. Roba kuwa ba ruwanta sosai. A 2010 Christopher Anderson da Deban sun gwada wannan a kan hawainiya, wadda ita ma harba harshe take yi da irin wannan tsarin. Da suka rage zafi da digiri 10, harbin bai ragu da fiye da kashi 19 cikin 100 ba, amma dawo da harshen, wanda tsoka ke yi kai tsaye, ya faɗi da fiye da kashi 42. Ga salamandar da ke farauta da dare a kan tsauni mai hazo da sanyi, wannan shi ne bambancin ci da kwana da yunwa.

Ni abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai, akwai wata manhajar rubuta bashi da ciniki da na taɓa yi wa wani mai shago. A kwamfutata lafiya lau take gudu. A wayarsa mai ƙaramar ma'ajiya, da ya danna “jimillar wata” sai allo ya daskare, abokin ciniki yana tsaye. Na yi mako biyu ina ƙoƙarin sa lissafin ya yi sauri, abin ya ƙi. Maganin da ya yi aiki shi ne na daina yin lissafin a lokacin da ya danna. Duk sanda ya shigar da ciniki ɗaya, manhajar ta ƙara shi a jimilla ta ajiye. Idan ya danna, amsa tana nan a shirye. Ba zan yi ƙarya in ce a wurin salamanda na koyo ba, don a lokacin ban ma san da ita ba. Amma da na ga lambar nan ta milisakan 117, dariya na yi.

Kundin da ya kumbura

Ga wani ɓangaren da zai ba masu rubuta manhaja haushi. Kundin gadon halittar ɗan Adam, wato DNA, yana da haruffa kusan biliyan 3. Haruffan iri huɗu ne, don haka kowane yana cin bit 2, idan ka lissafa bai kai gigabait ɗaya ba. Na wata salamandar ruwa ta Meziko da ake kira axolotl, wanda aka karanta a 2018, haruffa biliyan 32 ne, wajen gigabait 8 ke nan. Da yawa daga cikin Bolitoglossa nasu ya kai haka, wasu ma sun wuce. Kuma ba wai bayanai masu amfani ne suka fi namu yawa ba. Mafi yawa maimaici ne, wasu guntaye ne masu kwafar kansu suna liƙawa nan da can, ba a share su ba tsawon zamani.

Wannan kumburin yana da farashi. Kundi babba yana buƙatar babbar ƙwayar halitta, manyan ƙwayoyi kuma a hankali suke rabuwa, sannan kaɗan ne za su shiga ɗan ƙaramin kai. Gerhard Roth na Jami'ar Bremen a Jamus, tare da Wake da wasu, sun nuna cewa ƙwaƙwalwar waɗannan salamandodi tana cikin mafi sauƙin tsari a dabbobi masu ƙashin baya. Duk da haka suna auna nisan ƙwaro da idanu biyu masu kallon gaba, su harba, kuma ba kasafai suke kuskure ba. Wani ɓangare na sirrin shi ne ƙwaƙwalwar ba ta tuƙa harshen a hanya. Ta auna, ta ba da umarni sau ɗaya, sauran aikin siffar ƙashi da jijiya ne ke yin sa.

Ƙafar da ta yaudari masana

Yawancin masu hawa bishiya a wannan zuriya yatsunsu a haɗe suke da fata, ƙafar ta zama kamar ɗan faifai. Duk wanda ya gani zai ce ai don manne wa ganye aka yi ta haka, kuma masana da yawa sun daɗe a kan wannan fahimtar. A 2007 Martin Jaekel da Wake suka auna faɗin ƙafa da nauyin jiki a nau'o'i daban-daban, sai suka ga a kusan dukkansu faɗin da fatar ta ƙara bai isa ya kawo wani bambanci a riƙo ba. Nau'i ɗaya ne kawai, wani mazaunin kogo a Meziko mai suna Chiropterotriton magnipes, ƙafarsa ta yi girman da za a ce lallai don manne wa bango ne. A sauran, ƙafar ta tsaya ne a siffarta ta jarirai, yatsun ba su gama fitowa ba.

To da me suke riƙe ganye? Gwajin da Mary Kate O'Donnell da Deban suka wallafa a 2020 ya nuna nau'o'i da dama suna iya manne wa sumul ɗin allo ko da an kifa shi, kansu a ƙasa, kuma ƙananan sun fi manyan iyawa. Ba ƙafa kaɗai ke aikin ba, ciki da wutsiya ma suna taɓa wurin, yauƙin jikinsu ya riƙe su. Wannan ya sha bamban da tsakar ɗakunanmu, wadda busassun gashi ne ƙanana ƙwarai a tafin ƙafarta suke riƙe bango. Injiniyoyi sun daɗe da kwaikwayon tsaka, Jami'ar Stanford ta yi mutum-mutumi mai hawa gilashi da wannan dabarar tun 2006. Amma tsaka tana santsi idan ƙafarta ta jiƙe a kan gilashi. Manne wa abu mai danshi, a saki, a sake mannewa, har yanzu aiki ne mai wuya ga masu ƙira, ita kuwa salamanda a cikin ruwan sama take yin sa kowane dare.

Abin da ake asara

Rahoton duniya kan kwaɗi da dangoginsu da aka fitar a 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na nau'o'insu suna fuskantar barazanar ƙarewa. A salamandodi abin ya fi muni, uku cikin kowane biyar.

A 2009 Sean Rovito da abokan aikinsa sun wallafa abin da suka gani bayan sun koma wuraren da aka yi ƙidaya a shekarun 1970 a yankin San Marcos na Guwatemala. Nau'o'in da a da ake tsinta da yawa a ƙarƙashin itatuwan da suka faɗi, an neme su an rasa. Masu zama a tsirran kan bishiya sun fi tsira. Bayan shekara biyu, Tina Cheng da wasu suka ɗauko tsofaffin salamandodi da aka adana a kwalabe a gidajen tarihi, suka yi musu gwajin PCR, irin wanda kowa ya ji sunansa lokacin korona. Suka gano cewa wata cutar fata da wani naman gwari ke kawowa ta bayyana a kudancin Meziko a farkon shekarun 1970, ta isa Guwatemala a shekarun 1980, ta kai Kosta Rika a 1987, daidai lokutan da halittun suka fara ɓacewa. Ga wanda da fata yake numfashi, cutar fata ba ƙaramin abu ba ce. Akwai kuma wata 'yar uwar cutar da aka gano a 2013 bayan ta kusa ƙarar da wata salamanda a Holan, abin da ya sa Amurka ta hana shigo da nau'o'i 201 a 2016.

Masu zaman bishiya kuwa babban abokin gabarsu gatari ne. Idan aka sare bishiyar, tsirran da ke tara ruwa sun tafi, inuwa ta tafi, danshi ya tafi. Wurin da aka sake ganin Bolitoglossa jacksoni ma saura ƙiris a share shi a shuka kofi, sai wasu ƙungiyoyin kare daji, ciki har da FUNDAECO ta Guwatemala, suka haɗa kuɗi suka saye shi a 2015. Da an makara da shekara biyu, da babu gandun da Ramos zai yi gadi, balle hoton da zai ɗauka.

Mu nan ba za mu ga salamanda a bishiyar darbejiya ba, amma hawainiya tana nan, kuma harbinta ya ɗan fi na salamanda jinkiri. Idan wayarka tana da tsarin ɗaukar bidiyo a hankali, duba ko tana kai hoto 240 a sakan, wato hoto ɗaya duk bayan kusan milisakan 4. Wasu wayoyin suna kai 960. Ka nemi wuri mai hasken rana sosai, don wannan tsarin yana cin haske, ka jingine wayar a kan wani abu kada hannu ya girgiza, ka tsaya nesa kaɗan kada ka tsorata ta. Ka fara ɗauka tun lokacin da ta juyo da idanunta biyu kan ƙwaron ta ɗan leƙo da harshe, domin a lokacin take ɗanawa.